Sandar Kawu a Daidai Ƙugu

Jiya ina share ɗaki na ci karo da sandar Kawu, wan mahaifiyata, tsohon soja. Har yanzu tana ƙamshin man kaɗen tafinsa.

Shi ya shirya ni gudun jarrabawar shiga jandarma. Kowace safiya, a yashin hanyar Mirriya, yakan miƙa sandar daidai ƙuguna, in yi ta gudu a wuri ɗaya, kowace gwiwa sai ta buge ta. Daga nan sai tsalle da ƙafa ɗaya har cinya ta ɗau zafi.

Saura kwana uku jarrabawa, na ga sandar tana rawa, tana yin ƙasa. Numfashinsa ya fi nawa ƙara. Na sassauta, na ce, "Kawu, mu koma gida."

Ya daka mini tsawa: "Hannuna ne ya gaji, ba ƙafarki ba! Kai gwiwa inda sandar take jiya!"

Na ci gaba ina kuka, ina bugun iska da gwiwa. Ranar gudun yana kwance asibiti. Na ci, amma labarin bai tarar da shi da rai ba.

Allah ya ba ka ƙafar ƙetare siraɗi a guje, Kawu, ba tare da sanda ba.