Gurbin Rumbun Baba

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, gari na ta murnar farar hula, ni kuwa rigima nake sha da mahaifina. Na ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidana a Gyaɗi-Gyaɗi saboda ciwon sukari ya fara cin idonsa, ga asibiti kusa. Kullum maganarsa ɗaya: a mayar da shi gida, damina ta kama, rumbunsa na son sabuwar jinka. Ni kuma da bakina da ba ya shiru sai in ce, "Haba Baba! Rumbun ne zai yi maka allura?"

Zane nake koyarwa a wata makaranta a Tarauni. A gida kuma ina sassaƙa hoto a jikin katako, in shafa tawada, in ɗora takarda in murza da bayan cokali. Abin da na bari shi ke fitowa baƙi, wanda na ƙwaƙule kuwa ya tafi ke nan.

Da aka yi hutu na leƙa ƙauyen. Rumbun ya zube, ruwa ya cinye gindinsa, dawar bara har ta tsiro a cikin laka. Na dawo na ce masa komai lafiya lau. Don in lallashe shi na zauna na sassaƙa masa bayan gidanmu: kuka, rijiya, kunyoyin gero. Wallahi ban yi wani tunani ba, abin da idona ya gano shi hannuna ya bi.

Hoton da na buga a takarda bai yi masa rana ba, dishi-dishi yake gani. Ya ce in miƙo katakon. Ya bi shi da yatsa yana dariya, wai na juya masa gari, kuka ta koma hagu, don a jikin katako zane a juye yake. Ya lalubo rijiya. Daga nan yatsan ya gangara inda ya san rumbu yake, ya faɗa rami.

Ya daɗe yana shafa wurin.

"Uwata," haka yake kirana, "dawar fa?"

Kunya ta rufe ni, tausayinsa ya hana ni ɗaga kai.

Bai ƙara cewa a mayar da shi gida ba. Ni da na yi watanni ina neman ya bar maganar, sai ga ni kullum da safe ina kai masa koko, ina tsaye ina jira ya tayar da rigimar. Sai dai ya karɓa ya ce Allah ya yi mini albarka.