Tarwaɗar Baba

A shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki muka ɗauko shi daga ƙauyenmu na kusa da Sule Tankarkar, muka kawo shi gidana a Gumel, saboda nan ya fi kusa da asibiti. Mutum ne da ya tashi a bayan shanu, ya tsufa a gona, bai san zaman ɗaki ba. Ciwon ya riƙe masa hannu da ƙafar hagu, ya kuma nauyaya masa harshe. Likita ya ce maganar za ta dawo in yana yawan yin ta, amma Baba ya ƙi. In ka gaishe shi sai dai ya gyaɗa kai. Abinci ma da ƙyar yake taɓawa.

Ƙanina direban babbar mota ne, yana kai kaya Maigatari. Wata rana da yamma ya biyo ta gida ɗauke da akwatin gilashi. Ya ce wani abokinsa mai shago a bakin iyaka ne zai tashi, ya rasa inda zai kai shi. A ciki akwai 'yan tarwaɗa biyu, babbar ba ta kai tsawon tafin hannu ba, sai tsakuwa a ƙasa, da fasasshen tulu da suke ɓuya a ciki, da ɗan inji mai hura iska. Ya haɗo da abincinsu a leda.

"Yaya, ki ajiye wa Baba a ɗakinsa, ya samu abin kallo," in ji shi.

Ni dai a miya na san tarwaɗa, amma na sa aka ɗora akwatin a kan teburi kusa da gadon Baba. Da farko bai kula su ba. Daga baya na lura in na dawo daga makarantar da nake koyarwa, nakan same shi ya juya yana fuskantarsu. Kwanon abincinsa kuma ya fara dawowa da saura kaɗan. Na ji daɗi ƙwarai, har na bugo wa ƙanina waya na gaya masa Baba ya fara cin abinci.

Wata safiya na shiga da koko, sai Baba ya riƙe min bakin mayafi da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ƙaramar nan ba ta da lafiya."

Tun da ya kwanta ban ji ya haɗa magana mai tsawon wannan ba. Na ajiye kofin, na durƙusa gaban akwatin, ina kallon kifin amma hankalina yana kan muryarsa. Ƙaramar ta miƙe tsaye a saman ruwa kamar an rataye ta, kai a sama, wutsiya a ƙasa. Can sai ta zabura ta nutse, ta goga jikinta da tsakuwa, ta koma saman. Babbar tana cikin tulu, ta ƙi fitowa.

"Ko wasa take yi, Baba?"

Ya girgiza kai. "Dabba mai lafiya ba ta ware kanta." Ya huta, sannan ya ƙara da cewa, "A ba ta kanwa."

Abin da yakan bai wa shanunsa ke nan. Ban san ko kifi yana shan kanwa ba, shi ya sa na ce bari in fara tambayar Hajiya, yayar mijina. Tana zaune a Gagarawa, tana kiwon tarwaɗa a kwatamai da ta gina a bayan gida. Na kira ta, na sa wayar yadda Baba zai ji.

"Kada ki sa kanwa tukuna," in ji ta. "Duba jikinta. Akwai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri?"

Na haska tocila na duba sosai, babu. Ta tambayi ko cikin ya kumbura, ko akwai rauni, ko idon ya yi fari. Duk babu. Baba ne ya miƙa yatsa ya nuna bakin kifin.

"Gashin bakin ya gajarce," ya ce.

Gaskiya ne, ya lanƙwashe, ƙarshensa kamar an gutsire. Ni ban gani ba sai da ya nuna.

"To, ai ruwan ne," in ji Hajiya. "Sunkuya ki sansana."

Na sunkuya. Wani tsami-tsami ne ya daki hancina. Ta ce in motsa tsakuwar da cokali. Ina motsawa sai ga farin gari ya taso ya turnuƙe ruwan, da guntayen abubuwa da suka ruɓe. Na gane ƙosai, na gane tuwo. Na juya na kalli Baba. Ya kawar da kai yana kallon bango.

"Baba, kai kake ba su abincinka?"

"Abin da kike ba su ba ya ƙosarwa," ya ce a hankali.

Hajiya ta yi dariya a waya, ta gaishe shi da jiki, ta ce, "Baba, shanu kan yi kashi su bar wurin. Waɗannan a cikin ruwan suke ci, a ciki suke kwana. Abin da ya rage ya ruɓe, shi ke ƙona musu jiki."

Ta ce kada in zubar da ruwan gaba ɗaya, canjin zai yi musu yawa. In riƙa ɗebe kaɗan kullum ina mayar da sabo wanda ya kwana a bokiti, in tsotse dattin ƙasan da siririn tiyo, in kuma hana su abinci na 'yan kwanaki. Wannan na ƙarshen ne Baba bai so ba. Na ce masa in kifi zai yi azumi, to shi sai ya cinye nasa a gabana. Ya miƙo hannu na ba shi kokon.

A kwanakin farko ƙaramar ba ta canza ba, har na fara tunanin abin da zan gaya masa in ta mutu. Shi kuwa bai karaya ba. Kowace safiya yakan ba ni labari, kalma-kalma: yau ta sauka ƙasa ta ɗan jima, yau ta daina goga jiki, yau babbar ta leƙo. Ranar da aka zuba abinci ƙaramar ta kai cafka, sai da ya sa aka kira mijina daga zaure ya zo ya gani.

Daga nan Baba ya ce shi zai riƙa riƙe tiyo. Daga baya ya ce bai yarda da yadda nake tara ruwan ba, ya dogara sanda ya fito tsakar gida don ya duba bokitin da kansa. Hannun hagun bai dawo ba har yau, amma maganar ta dawo, har da faɗa.

Da damina ta wuce kifayen suka fi ƙarfin akwatin. Hajiya ta ce a kawo mata su ta ware musu wuri. Baba ya ce ba za a kai su inda bai gani ba. Muka saka su a jarka da aka yanke wa baki, ya zauna a gaban mota, ni ina baya na riƙe jarkar tsakanin ƙafafuna. Muna hanya yana duban gonakin mutane, yana gaya wa mijina wanda ya yi shuka da wuri da wanda ya makara.