Filtar da Baba Sannu-Sannu Yake Wankewa

Shekara talatin da huɗu Baba Sannu-Sannu ya yi yana jan babbar mota, bai taɓa jefa ta rami ba, bai taɓa taka ko kazar wani ba. Sunan ma a kan hanya ya samo shi, don duk wanda ya ce ya ƙara wuta sai ya ce masa sannu ba ta hana zuwa. Da ya ajiye aiki 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa ƙaramar mota ruwan toka, ta hannu ce amma lafiyayya, wai ya riƙa zuwa asibiti da ziyara. Ashe sabon aiki suka saya masa. Kafin wata uku ya zama direban layin gaba ɗaya. Mai naƙuda, mai ciwon haƙori, matar da ta sayo buhu ya fi ƙarfin kanta, duk ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. Ba ya karɓar ko sisi. Sharaɗinsa ɗaya ne, in ka shiga ka rufe ƙofa a hankali, kada ka buga masa ita.

Ranar Asabar da hantsi kuwa ba mai samunsa, ranar motar ce. Zai shimfiɗa tsohon buhu a ƙofar gida, ya jera sifanu daga babba zuwa ƙarami, ya ɗaga bonet yana 'yar waƙarsa ta hanci. Sai ya ciro filtar iska ya tsoma ta cikin kwanon kananzir, ya wanke ta tas, ya shanya a kan katanga. In ta bushe ya ɗiga mata baƙin mai, ya bi da yatsa lungu-lungu. Haka maigidansa ya koya masa tun yana saurayi, kuma gaskiyar maigidan ne, don filtar manyan motocin wancan zamanin raga ce ta ƙarfe, a cikin mai take zama, man ne ke kama ƙura. Ta wannan ƙaramar motar kuwa takarda ce aka naɗe. Baba ya ga bambancin sarai, amma a wurinsa filta filta ce. Ita ma filtar mai, in ya zo yin juye, kwancewa yake ya zazzage ta ya ɗauraye ya mayar. Wai me ta yi da za a jefar da ita?

A shekara ta biyu motar ta fara nishi. Ga baƙin hayaƙi, ga shan mai kamar ana zuba wa rairayi, in ya taka totur sai ta yi shawara kafin ta amsa. Akwai wani dogon tudu a hanyar gidan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, nan ne asiri ya tonu. Wata rana ya ɗauko maƙwabciya da jaririnta, suna tsakiyar hawan motar ta yi tari biyu ta mutu. Masu shaguna suka fito suka tura shi, har wani yana cewa a bar wa yara tuƙi mana, tsoho. Baba ya yi musu godiya da fara'a, amma ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Labari ya kai kunnen babban ɗansa, 'ya'ya suka yi shawara a waya, aka yanke cewa ƙarshen wata za a sayar da motar Baba ya huta. Bai yi musu ba, abin da ya ba kowa mamaki, don mutum ne mai gardamar tsiya. Dalilin shirun shi kaɗai ya san shi. Ya duba fulogi, ya duba batir, ya ƙara wanke filta har sau biyu a mako, bai ga laifin motar ba. To in ba motar ba ce, ai shi ne. Ya fara zargin ƙafarsa ta yi sanyi, kunnensa ya daina jin maganar inji. Tsoro ne ya kama shi, tsoron zama a kujera a ƙofar gida mutane suna wucewa suna gaishe shi ba mai bukatarsa.

Mijin Auta makanike ne, yana da garejinsa da sunansa a gari. Ya daɗe da ganin filtar nan a kan katanga tana naso, amma da wane baki zai ce wa surukinsa, mai shekara talatin da huɗu a kan sitiyari, ba haka ake yi ba? Ga shi Baba ba ya barin kowa ya taɓa masa bonet. Matar Baba ce ta warware ƙullin, don ita ta san mijinta kamar yunwar cikinta. Ta ce masa yaron nan fa yana so ya zo ya ga yadda direbobin dauri suke yi wa mota sabis, kunya ce ta hana shi tambaya. Nan take Baba ya gyara zama, ya ce ai da ma makanikan yanzu sai canje-canje, ba su san gyara ba.

Asabar mijin Auta ya zo da 'yar jaka, ya gaida surukinsa, ya tsuguna gefen buhu. Ya kalli wanki, ya kalli shanya, ya kalli ɗigin mai, yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibi. Da aka gama sai ya zaro sabuwar filta fara sol daga jakar.

"Baba, don Allah duba min wannan, ko mai kyau ce. Idonku ya fi namu."

Baba ya karɓa da isa, ya juya ta, ya ɗaga ta saitin rana. Haske ya ratso ta kowane lungu. Sai kuma hannunsa ya kai ga tasa, ya ɗaga ita ma. Ko ɗigon haske babu. Ya kafa baki ya hura sabuwar, iska ta fita ta ɗaya gefen. Ya hura tasa, iskar ta dawo masa fuska da warin kananzir. Ya daɗe tsaye da filta ɗaya a kowane hannu, mijin Auta kuwa ya sunkuyar da kai yana gyara jerin sifanun da ba su karkace ba.

"Wato ni da hannuna na toshe mata hanci," in ji Baba. "Tun yaushe ka gani?"

"Ya kai shekara, Baba."

"Shekara guda kana kallona ina shaƙe baiwar Allah, ka yi shiru?"

Dariya ce ta ƙwace masa, irin wadda ke sa mutum dafa mota. Matarsa da ke laɓe bayan ƙofa ta leƙo ta ce ita dai ta ji an ce wani zai koyi aiki yau, ba ta san waye ba. Ya ce ta shiga ciki, munafuka, ya gane hannunta a ciki.

Jakar nan ashe har da filtar mai da galan na sabon mai. Suka tara kwano suka kwance, tsohon man ya zubo baƙi ƙirin da kauri. Tsohuwar filtar man da ta fito, nauyinta a hannu ya isa shaida. Mijin Auta ya nuna masa yadda ake shafa ɗan mai a robar bakin sabuwar, a ɗaure da hannu kawai ba da sifana ba, sannan ya ja baya ya bar masa. Baba ya ɗaura da kansa, ya sa sabuwar filtar iskar a mazauninta, ya zuba mai, ya duba sandar awon mai sau biyu. Da ya murɗa makulli injin ya tashi bugu ɗaya, ya zauna lafiya lau ba rawar jiki.

Ko hannu bai tsaya wankewa sosai ba ya ce kowa ya shiga. Matarsa ta zauna gaba, surukin a baya. Suka iso gindin tudun. Baba ya sa giya ta biyu ya taka, motar ta ɗauka. Ya ƙara ta uku, abin da ya yi wata shida bai gwada ba a wurin, ta ci gaba da hawa ba ko gezau. Suka wuce shagunan nan, ya sauke gilashi ya ɗaga musu hannu, ya danna hon har sau biyu, shi da bai cika son hon ba.

A saman tudun ya tsaya, hannunsa biyu a kan sitiyari, idonsa ya ciko. Murna ce, bai kuma ɓoye ta ba.

"Ashe ba ni ba ne," ya ce wa matarsa a hankali. "Na ɗauka ni ne na ƙare."

Ta dube shi, ta ce da ya tambaye ta ai da ta gaya masa, taurin kai ne kawai ke damunsa, shi kuwa ba ya hana tuƙi. Daga nan ana hango Auta tsaye a ƙofar gidanta tana ɗaga musu hannu su ƙaraso. Baba ya leƙa ta taga ya ce ta jira su, yanzu za su dawo. Ya juya kan motar ya gangara ƙasa, don ya sake hawowa.