Hoton da Na Je Nema a Makarantarsu

Shekarar da ruwa ya ci garinmu, babbar 'yata tana aji biyar a wata sakandaren 'yan mata a cikin Haɗeja. Mu kuwa muna ƙauyenmu ta wajen Auyo, inda nake noman shinkafa a fadama. Hutu ne ya kawo ta gida, ruwan ya same ta tare da mu. Da katangar gidanmu ta fara zubewa, muka kwashi yara a kwalekwale muka nufi tudu, kuma a wannan tsallakawar ce wayata ta zame daga aljihu ta faɗa ruwa. Ko waiwaye ban yi ba. A ranar wa yake ta waya?

A inda aka tsugunar da mu, amai da gudawa ya shiga cikin mutane. Ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai wanke ƙannenta. Ta kwanta da safe, kafin mu samu jirgin da zai fitar da mu zuwa asibiti, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan ruwa ya janye mun koma mun tayar da ɗaki guda, wata rana mahaifiyarta tana tsince shinkafa sai ta ajiye faifan ta ce, "Malam, ina rufe ido in nemi fuskarta, sai ta ƙi zuwa. Muryarta kawai nake ji."

Hotunanta duk suna cikin wayar nan. Wanda ke jikin bango kuma ya tafi da bangon. Sai na tuna ranar da na kai ta makaranta, an manna ƙaramin hotonta a takardar shiga, ni da kaina na sa hannu a ƙasa. Washegari na hau babur na nufi Haɗeja.

Mataimakin shugabar makarantar na tarar. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, har ya sa aka kawo mini ruwa. Amma da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya gyara zama.

"Baba, fayil ɗin ɗaliba kayan makaranta ne. Ba a buɗe wa mutanen waje."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mahaifinta. Sa hannuna yana ciki."

"Na sani. Amma sai shugaba ta dawo, ta yi tafiya."

Na koma bayan mako, aka ce tana taro. Na sake komawa, aka ce mai riƙe da mukullin sito bai zo ba. Kowane zuwa sai na zauna a bencin bakin ofis, 'yan mata suna wucewa cikin farin hijabi, ni kuma ina sunkuyar da kai, don kowace na hango daga baya sai gabana ya faɗi. Idan na koma gida mahaifiyarta ba ta tambaya. Hannuna kawai take kallo.

A wani zuwan ne wata malama ta tsaya a kaina. Ta ce ita ce malamar ajinsu, ta gane ni ne saboda kamar da muke yi da yarinyar. Da ta ji labarina sai ranta ya ɓaci.

"Baba, ai ba alfarma kake nema ba. Abin da makaranta ta ajiye a kan 'yarka, kana da ikon ka gani. Taso mu je."

Ta shige gaba har ofishin shugaba. Shugabar ta saurare ni, ta ce wallahi ba wanda ya gaya mata ina zuwa, nan take ta sa aka nemo mukulli.

Da aka buɗe siton, warin danshi ya buge mu. Rufin yana yoyo tun damina, takardu sun kumbura sun manne da juna. Malamar ta yi ta ɗagawa har ta ciro na 'yata. Na ga sunanta, na ga sa hannuna. Hoton yana nan inda aka manna shi, amma ruwa ya wanke shi. Zagayen hijabi ne kawai ya rage, tsakiyarsa fari fat.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Har yau ina tambayar kaina ko da an buɗe mini tun zuwan farko da na tarar da wani abu. Ban sani ba, ba kuma wanda zai iya gaya mini.

Shugabar ta ba ni haƙuri, ta ce in tafi da duk abin da ke ciki. Akwai sakamakon jarrabawarta, da wata takarda da ta rubuta da hannunta tana neman izinin zuwa gida lokacin da kakarta ba ta da lafiya. Ina haɗa su malamar ta ce in dakata. Ta daɗe tana duba wayarta, sannan ta miƙo mini.

Hoton ranar sharar makaranta ne. 'Yan mata da yawa riƙe da tsintsiya, 'yata tana can gefe. Ta juya tana yi wa wata dariya, a fuskarta kunci ɗaya da gefen ido kawai ake gani. Malamar ta raka ni da wayarta muka kai shi wani shago a kasuwa aka ƙara girmansa aka wanke mini. Mai shagon ya ce in an ƙara fiye da haka zai dushe.

Na iso gida bayan la'asar na miƙa wa mahaifiyarta. Ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, ƙannen yarinyar suka taru a bayanta suna leƙe. Can sai ta ɗora yatsa a ƙasan hoton.

"Wannan ai takalmina ne," in ji ta. "Na yi ta nemansa, har na zargi yaran maƙwabta. Ashe ita ce ta tafi da shi makaranta."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na kwashe yaran muka fita waje, muka bar ta a ɗakin.