Malam Inuwa da Makullin Keke Napep

Kowace Laraba da safe Malam Inuwa yakan hau tsohon babur ɗinsa daga Ikara ya nufi Kudan. Ba cinikin rake ke kai shi ba. Akwai wata rumfa a bayan gidan mai unguwa inda wasu maza ke jiransa, kowa kansa a sunkuye. Dukkansu sun gama zaman gidan yari bisa laifin fyaɗe ko lalata da yara, sun dawo gari.

Ma'aikacin jinya ne a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Bana ya yi ritaya, amma bai ajiye zaman Laraba ba. Ya kamata a faɗa tun da wuri, gudun mummunar fahimta, cewa Malam Inuwa ba ya wanke kowa. Hujjarsa ita ce, alƙali ya gama nasa, mutumin kuma ya dawo unguwar da 'ya'yanmu ke wasa. Idan kowa ya guje shi, wa zai lura ranar da ya fara karkacewa?

'Yan acaɓan tasha har suna suka laƙaba masa. "Likitan 'yan iska, a sauka lafiya!" Sai ya ɗaga musu hannu ya wuce.

A rumfar nan ba a fakewa. Duk wanda ya ce sharrin Shaiɗan ne, Malam yakan dube shi ya ce, "Shaiɗan ne ya saya mata alewa? Shi ya tura ƙyauren shagon?" Ba ya sakin mutum sai ya bi sawun laifinsa da bakinsa, tun daga tunanin farko, ya gane wuraren da bai kamata ya sake tsayawa ba.

Malam Inuwa, kai ne mai zama da wanda gari ya tsana, saboda yaran da gari yake ƙauna.

Masu halartar rumfar ba su manta da maganar ɗayansu, Ukasha, ba, ko da yake ba sunansa na gaskiya ke nan ba. Bayan fitowarsa, yayansa Alhaji Bilya ya saya masa keke napep, ya kuma shirya da wasu iyaye a ƙauyen Taba, waɗanda ba su san tarihinsa ba, ya riƙa kai 'ya'yansu mata Islamiyya. Da Malam Inuwa ya ji, sai ya nemi a zauna a zauren mai unguwa.

"Haba Malam!" in ji Alhaji Bilya. "Yaron nan ya tuba. So kake ya mutu da yunwa?"

"Tubarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, Alhaji, ina yi masa fatan karɓuwa. Amma shi kaɗai da yara a hanyar da ta ratsa gonakin rake, ban yarda ba. In kun ba shi yaran, da ƙafata zan je Taba in gaya wa iyayen."

"Ka tona mana asiri ke nan?"

"In ta kama."

Malam ya san idan maganar ta fita, matasa za su iya far wa Ukasha, idan kuma ya yi shiru, yaran ne za a bari a hannun Ukasha. Sai ya juya wajensa, yana zaune a gefe, ya ce, "Ukasha, kai me ka gani?"

Ukasha ya daɗe yana juya makullin keken. Can ya ajiye shi a kan tabarma. "Yaya, kada ka ba ni yara. Na san kaina yanzu. Ka haɗa ni da masu mazarƙwaila, in riƙa kai musu rake."

Yau an cire kujerar bayan keken. Rake yake ɗauka, kawunsa na gefensa yana sa masa ido, Laraba kuma yana rumfa.

Malam Inuwa, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Masu unguwanni, limamai da matasan da suka karanci aikin lafiya, rumfar nan ɗaya ce, Makarfi da Ikara kuwa ba su da irinta. Ku je ku koya tun yana da ƙarfin hawa babur. Yaran Taba suna zuwa makaranta suna dawowa lafiya, ko sunansa ba su sani ba. Shi kuwa haka yake so.