Takin Doki a Tukwanen Rhoda

Maharazu mutumin Ɗambatta ne, manomi ɗan manomi. A 1975, lokacin da arzikin mai ya sa kowane babban ma'aikaci yake son direba, wani ya taho da shi Landan. Flat ɗinmu ɗaya a Deptford, hawa na uku. Ba mai yawan magana ba ne, amma in muka wuce lambun wani sai ya duƙa ya murza ƙasar da yatsunsa.

Maƙwabciyarmu Rhoda, nas ce 'yar Kagoro. A tagarta akwai ƙananan tukwane uku na wani tsiro da Turawa ke kira butterwort, kyautar wata tsohuwa da ta yi jinya har ta rasu. Ganyensa a shimfiɗe yake, da maiƙo kamar an shafa masa man shanu. Ƙwaro in ya sauka sai ya maƙale, ganyen ya narkar da shi a hankali.

Da mahaifinta ya rasu za ta tafi gida wata uku, sai ta kawo wa Maharazu amanar tukwanen.

"Malam, ruwan sama kawai. Ban da na famfo. Kuma kada ka sa musu komai."

"Sista Rhoda, ni za ki koya wa shuka?"

"Waɗannan ba dawa ba ne," in ji ta, tana dariya.

Ya ajiye bokiti a baranda yana tarar ruwan sama. Amma kullum ya dubi ƙasar tukwanen sai ransa ya ɓaci. "Wannan ai zalunci ne," yakan ce mini. "Ƙasa ba abinci, har shuka ta koma cin sauro?"

A lokacin masu sayen tsofaffin kaya suna yawo da amalanken doki a unguwarmu. Ya bi bayan ɗaya da leda, ya shanya kashin dokin da ya samo, ya barbaɗa wa tukwane biyu. Na ukun ya bari don Rhoda ta ga bambanci.

Kafin sati biyu, biyun da suka sami taki sun yi baƙi sun ruɓe. Da hunturu ya shigo, na ukun ma ya zubar da ganye. Maharazu ya daina cin abincin kirki. Na ce mu nemo wasu mu maye gurbinsu. Ya ce ba na tsohuwar ba ne.

Ranar da Rhoda ta dawo ya jera tukwanen a gabanta, ya cire hula, ya faɗa mata duk abin da ya yi.

 Rhoda ta sa farce ta tona tsakiyar tukunya ta uku. Ga wani ɗan ƙullutu kore, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Barci yake yi, Malam. Haka yake duk hunturu. Shi ya tsira, don ka bar shi da yunwarsa."

Ta zauna ta ba mu labarin gida: sababbin motoci ko'ina, gonakin ƙauyensu kuwa duk ciyawa. Maharazu na saurare, idonsa a kan tukwanen nan biyu.

Da za ta fita ta tura masa ta ukun. "Riƙe. Yanzu ka san shi."

A watan Mayu ya yi fure ɗaya, ruwan shuni. Maharazu ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ta zo ta gani, sannan ya ɗauki bokitinsa, don hadari ya haɗo.