Abin da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Zane

Ko da zan manta komai, ba zan manta watan da aka kusa raba ni da ɗana na fari ba. A Kaduna ne, kafin Turawa su tafi, maigidana yana akawu, muna zaune wajen Kawo.

Na gama wankan jego ke nan tari ya kama ni, ga zazzaɓi. Aka ɗauki hoton ƙirjina a asibiti, aka ga tabo, aka yi min allurar gwaji, aka karɓi majinata. Likita, wani Bature, ya ce mai yiwuwa tarin fuka ne, a nisanta ni da jariri. Surukata ta yanke hukunci: ranar Asabar za ta tafi da shi Zariya, wata 'yar'uwa ta shayar da shi. Ɗan fari ne, kunya ba ta bar ni na yi kuka a gabanta ba, sai a banɗaki.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Wasu ƙulla-ƙullai masu zafi sun fito min a ƙwauri, idon sawuna ya kumbura. Na ɗauka ruwan zafin wanka ne ya ƙona ni. Ina zan buɗe ƙafa a gaban namiji, Bature kuma? Yarinta kenan!

Ranar Alhamis na koma jin sakamako. Wata nas, dattijuwa 'yar kudancin Zariya, ta ga ina ɗingishi.

"'Yata, me ya sami ƙafar?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai ne ke sa ki tafiya kamar agwagwa? Ɗaga zanen nan."

Tana gani ta kira likita. Ya danna ƙulla-ƙullan, ya duba hannuna inda aka yi allurar gwaji bai kumbura ba, majinata kuma ba ƙwayar cuta. Ya faɗi wani suna, sakoyidosis, wanda har yau harshena ke tuntuɓe da shi. Nas ta fassara: kumburi ne a ƙirji, ba ya yaɗuwa, irin nawa sau da yawa da kansa yake tafiya. Asfirin, hutu, da hoto lokaci-lokaci.

"To, yaron fa?" na ce.

"Je ki ba shi nono."

A gaban surukata na kwance ƙullin kayansa, na rungume shi ina kuka, kunyar ta bi iska. Kafin yaron ya fara tafiya, tabon ƙirjina ya ɓace.

Tun daga nan na gane ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saura kwana biyu kunyar ƙwauri ta raba ni da ɗana.